Amsa ga Hajiyar da ta tambaya ko an taɓa kai yaran makarantar soja fagen daga

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce ɗanki mai shekara 12 ya ƙwallafa rai sai makarantar soja, ke kuma kin ji ana cewa a Amurka an taɓa kwasar ɗaliban irin wannan makaranta aka kai su yaƙi, shi ne hankalinki ya ƙi kwanciya. Maganar gaskiya ce. Ni tsohon soja ne, na daɗe ina horar da kurata, kuma da aka tura ni kwas Amurka na taka filin da abin ya faru.

A lokacin yaƙin basasar Amurka ne, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865 tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin Kudu da suka ɓalle saboda ba sa son a taɓa musu bautar da bayi. Makarantar ita ce Kwalejin Soja ta Virginia, da ake kira VMI, a garin Lexington. A watan Mayun 1864 dakarun tarayya ƙarƙashin Janar Franz Sigel suka kutsa kwarin Shenandoah, wanda shi ne rumbun abincin 'yan Kudu. Janar John Breckinridge, tsohon mataimakin shugaban Amurka da ya koma ɓangaren Kudu, ba shi da isassun mayaƙa, domin akasarinsu suna can tare da Janar Lee na Kudu suna fama da Janar Grant na tarayya. Sai ya aika a turo masa ɗaliban makarantar.

Su 257 ne suka fito, mafi ƙanƙantarsu ɗan shekara 15. Shugabansu ma, Scott Shipp, shekararsa 24. Kwana huɗu suna tafiyar ƙasa cikin ruwan sama, kusan kilomita 130, kafin su isa garin New Market, inda aka gwabza. Tsofaffin sojojin da suka tarar a hanya har tsokanarsu suka riƙa yi wai an kawo jarirai.

Da farko Breckinridge a baya ya ajiye su, zaman ko-ta-kwana. Amma ranar 15 ga Mayu igwogin tarayya suka yi wa tsakiyar layinsa giɓi a daidai gonar wani iyali da ake kira Bushong, aka rasa wanda zai cike. An ruwaito cewa ya ce a shigar da yaran, Allah ya yafe masa wannan umarni.

Gidan Bushong ɗin yana nan har yau. Iyalin sun ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yaran suka rabu biyu suka kewaye gidan, suka ratsa lambu, sannan suka faɗa gonar alkama da ruwa ya mayar da ita caɓi. Laka ta riƙa tuɓe musu takalma, wasu da ƙafa tsirara suka ƙarasa, shi ya sa ake kiran wurin filin ɓatattun takalma. Na bi ta cikinsa a hankali, tazarar ba ta da wani yawa, cikin 'yan mintoci na ƙure ta. Na tsaya ina duban tudun da igwogin suke, wallahi jikina ya yi sanyi, don babu ko kututturen da mutum zai raɓe. Sun kai gaci, har suka ƙwace igwa ɗaya, Sigel ya ja da baya. Goma suka rasu, biyar nan take, biyar daga baya, sama da 40 suka ji rauni. Ɗaya daga cikin mamatan, Thomas Garland Jefferson, a hannun abokinsa Moses Ezekiel ya cika. Ezekiel ɗin ne ya girma ya zama masassaƙi, ya yi mutum-mutumin makokin da ke makarantar yanzu.

An daɗe ana kiran sunayen goman nan a fareti duk 15 ga Mayu. Ban ƙi a girmama su ba, jarumtarsu ba ta da shakka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yawan manta cewa manya ne suka rasa mafita suka miƙa hannu ga 'ya'yan mutane. Kuma nasarar ba ta yi ƙarko ba: a watan Yuni Janar David Hunter, wanda ya maye gurbin Sigel, ya shiga Lexington ya banka wa makarantar wuta. Ba a cika shekara ba Kudu ta miƙa wuya.

Na san shekarun nan, Hajiya. Akwai wani kurtuna ɗan shekara 18 da na taɓa cire wa but bayan doguwar tafiya, safar ta manne da jini, ya cije leɓe bai ce uffan ba. Da dare na ji shi yana shessheka cikin bargo. Washegari da na nemi masu sa kai, shi ya fara ɗaga hannu. Yaro irin wannan duk inda kika nuna masa zai shiga, don kunyar abokai ta fi masa zafi a kan harsashi. Shi ya sa nake ɗora nauyin kacokan a wuyan mai ba da umarni.

Game da ɗanki, zamani ya canza. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 ta amince sojoji su buɗe makarantu, amma ta ɗora wa ƙasashe nauyin hana wanda bai kai 18 ba shiga faɗa, kuma Najeriya na cikin waɗanda suka amince da ita. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya tana ɗaukar saka yaron da bai kai 15 ba cikin yaƙi a matsayin laifin yaƙi. Makaranta irin ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, karatun sakandare ake yi haɗe da horon soja. Kafin ku sa hannu, ke da mahaifinsa ku karanta takardar sharaɗi layi-layi, ku tambayi me ke kansa bayan ya kammala da kuma shekara nawa zai yi hidima. Sannan ki zaunar da shi ki ji ko aikin yake so ko kakin. Allah ya raya mana shi.