Tambayi Baba Magini: Me za a duba mini kafin in biya kuɗin gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. An yi mini tallan gida mai ɗaki uku da zaure, biyu na bulo, ɗaya ginin ƙasa, ya sha sabon fenti. Dillali ya matsa in ba da kafin alƙalami a makon nan, wai akwai masu so. Yayana ya ce in fara kai magini ya duba. Me zai gano mini wanda idona bai gani ba? In ya ce lafiya lau, in biya kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Yayanka ya yi maka gata. Sai dai maginin kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi kuɗin yininsa. Kada ka yarda dillali ya kawo nasa, don mai jiran la'ada ba zai kawo wanda zai ɓata masa ciniki ba.

Magini na ƙwarai ba ɗaki yake fara shiga ba. Zai zagaya gidan ta waje yana kallon ƙasa. In an yi ruwa, ina yake bi? Tsakar gidan ta fi hanya tudu, ko ruwan unguwa a nan yake kwana? A yankinku wannan ce uwar tambaya. Kuna kusa da kogin Haɗeja, kuma ba sai na tuna maka abin da ambaliyar 2022 ta yi a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa ba. Ruwa ba ya tafiya sai ya bar shaida: wani layi a jikin bango iyakar inda ya tsaya, ko sabon yaɓe daga gindi zuwa gwiwa alhali sama tsoho ne. Mai gida ya rufe nasa da fenti, amma bai yi wa maƙwabta fenti ba. Ku leƙa bangonsu. Daga nan ku je dakalin masallaci ku gaida dattawa, ku tambaye su inda ruwa ya kai a waccan shekarar. Za su nuna muku da sanda.

Sai bango. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar zare a jikin yaɓe, aikin leburan yini ɗaya ce. Wadda nake gudu ita ce mai tasowa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wani gefen ya fi wani buɗewa, balle in ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Wannan tushen ginin ne ya zauna, kuma gyaransa kuɗi ne na gaske. Zai ƙwanƙwasa yaɓe ya ji ko ya rabu da bango. Zai nemi inda bulo ya fito tsirara ya karce shi da ƙusa. In yana zubowa gari, an yi wa siminti rowa ranar bugu. Farin gishiri a gindin bango kuwa danshi ne ke hawa daga ƙasa.

Ɗakin ƙasar nan kada ka raina shi. Ginin jan ƙasa da aka cuɗa da kyau, ana bin sa da yaɓe kafin damina, ya fi bulon banza daɗewa, ga sanyi lokacin bazara. Abin da ke kashe shi shi ne a lulluɓe shi da siminti don kwalliya: danshi ya maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe ba ka gani, wata rana yaɓen ya faɗo gaba ɗaya. A duba mahaɗarsa da ɗakin bulo, nan suke rabuwa. In rufin soro ne, maginin ya hau ya taka, ya duba indararo, ya soki azara da wuƙa ko gara ta cinye cikinta. In kwano ne, ku shiga da tsakar rana ku rufe ƙofa, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo. In akwai silin, taswirar yoyo tana jikinsa.

Ku auna tsakanin rijiya da salga, har ta maƙwabta. Masu harkar lafiya suna son tazarar mita 30, gidajenmu kaɗan ne suka kai, amma in taku biyar ce tsakani, ka san ruwan ba na sha ba ne.

To, in ya ce lafiya lau fa? Abin da idonsa ya gani a yini ɗaya ya faɗa maka. Ba zai fasa bango ya ƙirga rodi ba, ba zai tona tushe ba sai da yardar mai gida, kuma yoyon Agusta ba ya nuna kansa da rani. Abin da za ka karɓa a hannunsa shi ne aibin da ya gani da kuɗin gyaran kowane, a rubuce. Da wannan takardar za ka zauna ciniki. Ka kuma tambayi mai gidan gaban shaidu ko akwai aibin da ya sani, don shari'a ta ɗora masa bayyanawa.

Akwai kuma abin da ba aikin magini ba ne: ba ya sanin gidan na waye. In na gado ne, sai ka ji ta bakin kowane magaji, har 'yan'uwa mata da ke aure a wani gari, waɗanda aka saba mantawa da su sai kuɗi sun shige. A yi takarda gaban mai unguwa da dagaci, a nuna iyaka maƙwabta na tsaye. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, don haka ka je sashen filaye na can a duba maka, a ba ka shaida da sunanka.

Dillali kuwa ka ce masa kafin alƙalami sai bayan magini ya gama. In ya ce masu so ba za su jira ba, ka yi masa fatan alheri.