Ƙwayar ekstasi: wai shan ruwa da yawa yana kare mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wani abokinmu na fada ya dawo daga Kwatano da wasu ƙwayoyi masu launi, wai ekstasi. Ya ce ba irin tramol ba ce, ta nishaɗin biki ce, in dai mutum ya sha ruwa da yawa ba abin da zai same shi. Gaskiya ne? Daga wani matashi, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka kai ta baki. Maganar ruwan nan ita ta fi tayar mini da hankali.

Sunan ƙwayar a wajen likitoci MDMA. Tana sa ƙwaƙwalwa ta zubo da sinadarin serotonin, mai daidaita yanayin rai, gaba ɗaya, mutum ya ji yana son kowa har tsawon awa uku zuwa shida. A cikin wannan lokaci zuciya tana gudu, haƙora suna cizon juna, jiki kuma ya kasa sauke zafinsa. Ka tuna zafin Maraɗi a watan Afrilu, digiri 40 da ɗori, ga rawa cikin cunkoso. Zafin jiki yakan haura har naman jiki ya fara lalacewa, ƙoda ta tsaya.

Ruwan kuma? Ƙwayar tana hana jiki fitar da fitsari yadda ya saba. In aka ɗirka wa ciki ruwa, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Haka Leah Betts, 'yar shekara 18, ta rasu a Ingila a 1995: ƙwaya ɗaya, sannan ruwa kusan lita bakwai.

Abin da nake tsoro a garinmu shi ne haɗa ta da tramol, tunda shi ma yana taɓa serotonin. Su biyun a jiki ɗaya suna kawo jijjiga da zazzaɓi mai kisa. Balle ma abokin naka bai san abin da aka cusa a ƙwayar ba. Bayan kwana biyu ko uku kuma baƙin ciki da rashin barci su biyo baya.

Kada ka sha, ƙanena. In kuwa wani ya sha a gabanka, ka ga jikinsa ya yi zafi rau, yana amai ko sambatu, ku fitar da shi inda iska take, ku jiƙa masa jiki, kada ku ɗura masa ruwa. Ku garzaya asibiti, ku faɗa wa majo abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye.