Ribar sayar da ofshin: sa'a ce ko iyawa?

Malam, ka tambaya ko ribar wata uku da ka ci a sayar da ofshin iyawa ce ko sa'a. Ofshin yarjejeniya ce da mai saye ke biyan mai sayarwa 'yan kuɗi don ya samu damar saye ko sayar da kadara, kamar hannun jari, a kan ƙayyadadden farashi; in farashi ya juya wa mai sayarwa baya, shi ke ɗaukar asarar. Gaskiya wata uku bai isa shaida ba. Muddin kasuwa na kwance, mai sayarwa 'yan kuɗinsa yake ta karɓa, har ya ɗauka gwani ne. Haka Nick Leeson, dillali a bankin Barings na Birtaniya, ya sayar da ofshin yana cacar cewa kasuwar hannun jarin Japan ba za ta motsa ba. Girgizar ƙasar da aka yi a birnin Kobe na Japan a 1995 ta kayar da farashi, asarar da yake ɓoyewa ta kai fam miliyan 827, bankin ya durƙushe. Kai fa, ka lissafa nawa za ka rasa ranar da kasuwa ta juya maka baya?