Yadda ake sa layin raba rubutu a shafin intanet

Ɗan'uwa, ka ce kana jera alamar ____ don raba labarai amma a waya sai ta karye gida biyu. Daina wannan, sa <hr> kawai a HTML ɗinka (rubutun da ke gina shafin), ba ya buƙatar alamar rufewa, zai bi faɗin kowane sikirin. In kana son siriri mai tsafta je CSS (inda ake tsara kamannin shafi) ka rubuta wa hr ɗin border:none; border-top:1px solid #ccc; Sai margin kaɗan ya samu sarari sama da ƙasa, su size da noshade kuwa, tsofaffin hanyoyin gyara layin, HTML5 (HTML na zamani) ya daina amfani da su.

Don Allah kar ka cika shi ko'ina, sai inda magana ta sauya, saboda manhajar da ke karanta wa makafi shafi tana iya ambatonsa. In da WordPress (manhajar gina shafi) kake aiki, akwai Separator da ke sa maka layin. Idan layin ya ƙi fitowa wataƙila theme (tsarin adon shafin) ne ya ɓoye shi, nemi wanda ya iya CSS ya duba maka.