Amsa ga mai tambayar gem ɗin jirgin nutso

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da murya, in na ce rubutawa zan yi sai magariba ta same ni.

Alhaji, na ga hoton da ka saka na gem ɗin nan namu na da, na kuma ga abin da ƙaninmu ya rubuto a ƙasa, wai mene ne abin daɗi a gem ɗin da ba a ganin komai sai agoguna da shuɗin ruwa. Ƙanena, na gane inda ka dosa. Kana nufin mu da muke yi wa yara faɗan danna waya, ashe mu ma zaman banza muka yi a gaban kwamfuta. To saurara.

Gem ɗin sunansa Silent Service, na kamfanin MicroProse, Sid Meier ne ya yi shi, mutumin da ya zo ya yi gem ɗin Civilization daga baya. Ya fito a 1984. A'a, tsaya, 1985 ne. Na 1984 shi ne GATO, na Spectrum HoloByte, kullum sai na haɗa su. Mu dai bai iso hannunmu ba sai wajen 1992, a filofi, faifan kwamfuta na da, a kwamfutar ofishin kawuna, wata 286 da ake lulluɓewa da leda saboda ƙura. Sai an tashi daga aiki muke lallaɓawa.

Kai ne kyaftin na jirgin nutso na Amurka a tekun Fasifik, lokacin yaƙin duniya na biyu, kana farautar ayarin jiragen kayan Japan. Abin da yaran yanzu ba za su gane ba, jirgin nan fa ba kifi ba ne. A saman ruwa da injin dizal yake tafiya, yana yin kamar kilomita 37 a awa. Da ka nutse, sai batir, gudun ya dawo kamar 16, kuma in ka taka shi haka, kafin ka ce kwabo batirin ya mutu. Ka ga ba za ka bi ayari a baya kana ƙarƙashin ruwa ba, keke ma sai ya tsere maka. Dole ka hango su daga nesa, ka karanta inda suka nufa, ka zagaya ta sama da daddare ka sha gabansu, sannan ka nutse ka yi kwanto. Dako ne irin na maharbi a bakin tafki. Akwai maɓallin da ke sa lokaci ya yi sauri, amma duk da haka sai ka yi rabin awa ba ka harba komai ba, kuma wallahi gumi kake yi. Ka ɗaga madubin leƙe, ka duba, ka sauke da sauri, don in ka bar shi a tsaye jiragen rakiya za su hango.

To in sun gano ka fa? Nan ne zuciya take dawowa maƙogwaro. Sai ka ji ƙarar na'urarsu tana neman ka, ting, ting, sannan su fara zubo gangunan bam ta samanka. Ka nutsa ƙasa, ka rage inji, ka nemi inda ruwa ya canza ya yi sanyi, don a ƙarƙashin wannan shimfiɗar sauti ba ya ratsawa sosai. Har da dabarar sakin mai da tarkace su taso sama, su zaci ka mutu su tafi. Mu huɗu a ɗaki, ba mai tari, kamar Japanawan za su jiyo mu ta cikin kwamfuta.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya ma ba wannan ba ne, maganar topido ce, bam ɗin da jirgin nutso ke harbawa ta cikin ruwa. Alhaji ka tuna. Ka yi dakon nan duka, ka daidaita, jirgin dakon mai ya ba ka gefensa sosai kamar bango, ka saki topido, kana ƙirga daƙiƙoƙi, ya je ya same shi, shiru. Ba fashewa. Ka sake, shiru. Mu duk a zatonmu filofin ne ya lalace. Na koma wajen wanda ya kwafa mana har sau biyu, na ce masa ya cuce ni, ya sake kwafa min, abin bai canza ba. Ashe laifinmu ne. A farkon gem ɗin akwai jerin abubuwan ƙara wahala, mu kuma don nuna mazantaka duk mun kunna su, har da wata 'yar kalma mai harafi uku, dud, da ba mu san ma'anarta ba. Topidon da ba ya tashi ke nan.

Kuma ba ƙirƙira suka yi ba, nan ne na sara wa masu gem ɗin. Sai da na girma na karanta. Topidon Amurka, Mark 14, da shi suka shiga yaƙi a Disambar 1941, ciwo uku gare shi, kowanne yana ɓoye ɗan'uwansa. Na farko, yana tafiya ƙasa da inda aka saita shi da kusan ƙafa 10, sai ya wuce ta ƙarƙashin jirgi. Na biyu, na'urar maganaɗisun da ke tayar da shi takan tashi tun bai kai ba. Na uku, allurar da ke buga kan bam ɗin takan kasa tayar da shi. Saboda tsada ba a gwada shi yadda ya kamata ba kafin yaƙi, kyaftin-kyaftin suna dawowa suna kuka, masu ƙera shi suna cewa ku ne ba ku iya saiti ba. Ka ji fa. Kamar ni da mai filofi, sai dai su da ransu suke biya. Sai da Admiral Lockwood, kwamandan jiragen nutso na Amurka a yankin, ya sa aka shimfiɗa ragar kamun kifi a Ostireliya a Yunin 1942, aka harba, aka auna inda ya huda ragar, sannan aka yarda da maganar zurfin.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Tinosa, wani jirgin nutso na Amurka, 24 ga Yulin 1943. Ya samu wani ƙaton jirgi, Tonan Maru mai lamba 3, na sarrafa kifin whale ne aka mayar na dakon mai, tan dubu 19. Topido 15 ya harba masa, biyu kacal suka tashi. Jirgin yana tsaye cak, ana ta ƙwanƙwasa shi kamar mai sallama a ƙofar gida. Kyaftin ɗin Tinosa ya riƙe topidonsa na ƙarshe ya kai Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, ya ce ku buɗe ku gani. Aka rinƙa sako kawunan topido daga kan ƙugiyar ɗaga kaya, tsayin ƙafa 90, a kan farantin ƙarfe, sai aka ga in ya bugi abu kai tsaye allurar lanƙwashewa take yi, in ya zo a karkace sai ya tashi. Wato wanda ya fi iya saiti shi ya fi shan kunya. Ba a gyara ba sai wajen Satumbar 1943, wata 21 ana yaƙi.

Daga baya an yi gem ɗin 688 Attack Sub a 1989, na jirgin nutso mai injin nukiliya, wannan bai kama ni ba, jirgin da batir ba ya ƙare masa ina tashin hankalin yake? Aces of the Deep na 1994 kuwa, na Jamusawa a Atilantika, shi ne nake cewa ya fi su duka, don a nan ne za ka ga yadda... kai, bar wannan, wata rana.

Yawwa, na tuna dalilin da ya sa ba mu san dud ɗin ba. Kafin gem ɗin ya bar ka ka fita sintiri sai ya nuna maka hoton jirgin yaƙin Japan ya ce faɗi irinsa, amsar tana cikin littafin da ake sayar da shi tare. In ka kuskure, filin atisaye zai mayar da kai. Mu ina muka ga littafi? Shafukan hotunan kaɗai na samu na yi fotokofi, da kuɗin makarantata na kwana uku, sauran shafukan ban iya biya ba. Kuma wannan fotokofin wani ya are shi ranar Juma'a ya ce Litinin zai dawo da shi. Yana cikin gurup ɗin nan. Ɗazu ma na ga ya saka alamar dariya a ƙarƙashin hoton. Ba zan kama suna ba, Alhaji, amma shekara talatin da wani abu ke nan ina jiran Litinin ɗin.