Ƙanena mai galahanga ya amsa laifi a hannun 'yan sanda, ina mafita?

Tambaya: Barista, ƙanena yana da lalurar galahanga, ga raunin fahimta tun yana yaro. An kama shi bisa zargin sata, wai ya amsa laifi har ya sa hannu. Alhali ko me aka tambaye shi "e" yake cewa. Kotu za ta sallame shi saboda lalurarsa?

Amsa: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Takardar asibiti ita kaɗai ba za ta wanke shi ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kotu takan fara duba ko wanda ake tuhuma ya gane tuhumar, kuma zai iya yi wa lauyansa bayani. In ba zai iya ba, sai a dakatar da shari'a, likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi.

Ni dai inda na fi so ki sa ido shi ne takardar da ya sa wa hannu. Mai irin wannan lalura yakan amsa da "e" don a ƙyale shi ya huta, ko don ya faranta wa mai tambaya. Shi ya sa a Ingila, ƙarƙashin dokar binciken 'yan sanda ta 1984, ake zaunar da wani babba kusa da shi lokacin tambayoyi. Ya kamata lauyan ƙanenki ya ƙalubalanci takardar tun kafin a karɓe ta a matsayin shaida: wa ya rubuta, an karanta masa, wa ke wurin? A gaban alƙali ma, in aka ce "Ka gane?" zai gyaɗa kai. A sa shi ya maimaita da bakinsa, nan gaskiya take fitowa. Rashin haɗa ido, ko murmushi inda bai dace ba, alƙalin da ba a yi wa bayani ba zai ɗauka raini ne ko rashin nadama. Sashe na 13 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan masu buƙata ta musamman ya wajabta wa ƙasashen da suka rattaba hannu kuma suka amince da ita su sauƙaƙa musu tsarin shari'a.

Kada ku yi gaggawar kafa hujja da taɓin hankali. Ƙa'idar M'Naghten ta 1843, wato ma'aunin da aka kafa a Ingila kan wannan hujja, tana neman a nuna bai san abin da yake yi ba, ko bai san laifi ne ba, kuma yawancin masu galahanga ba su kai nan ba. Ko an yi nasara, ana iya tsare shi a asibiti ba ranar fita, wani lokaci fiye da ɗaurin satar.

In an same shi da laifi, lalurar hujja ce ta neman sassauci. A Amurka ma tun 2002 Kotun Ƙoli ta hana zartar da hukuncin kisa kan masu raunin fahimta.

Yanzu ki tattara katin asibitinsa da sakamakon makaranta tun na yarinta, ki kai wa lauya ya nemi beli. Kafin nan, kada ya sake magana da mai bincike shi kaɗai.