Dirowa daga jirgin sama a ɗaure da ƙwararre: nawa ne, kuma wa ke sa ido?

Tambaya: Ina yawan ganin bidiyon mutanen da ba su taɓa koyon komai ba suna dirowa daga jirgin sama, an ɗaure su a jikin wani mai lemar sauka. Nawa ake biya? Akwai dokar da ke kula da harkar, ko kuwa ganganci ne kawai?

Amsa: Malam, kasada kam akwai ta, amma ba ganganci ba ne. A farkon shekarun 1980 aka fara wannan salo a Amurka, Ted Strong da Bill Booth ne suka ƙera kayansa. Kafin nan sai mutum ya yi horo sannan ya diro shi kaɗai. Da aka samu hanyar da baƙo zai zo da safe, a yi masa bayani na ɗan lokaci, ya diro kafin azahar, sai kasuwa ta buɗe. Yau kuɗin irin waɗannan baƙi ne ke riƙe da yawancin filayen dirowa. Har tsohon shugaban Amurka George H. W. Bush ya yi a 2014, ranar da ya cika shekara 90.

Jirgi zai kai ku tsayin mita 3,000 zuwa 4,000. Ana maƙala ka a ƙirjin malamin da ƙugiya huɗu, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu. Kuna fita zai saki wata 'yar ƙaramar lema da ke rage gudu, domin nauyin mutum biyu ya fi ƙarfin a bar shi haka. Za ku yi ta faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, na ƙasa da minti ɗaya, sannan ya buɗe babbar lemar a wajen mita 1,500. Daga nan sai lilo a iska na kamar minti biyar.

A Amurka farashin yakan kama daga dala 200 zuwa 300, bidiyo kuma kuɗinsa daban, a nan ma suke cin riba sosai. A Dubai, saman tsibirin Palm, ya haura dirhami 2,000. Man jirgi da gyaransa da kayan sauka ne ke cinye kuɗin, shi ya sa araha mai yawa take sa ni ɗar-ɗar.

Batun doka ya danganta da ƙasa. A Amurka hukumar jiragen sama ta FAA ta shar'anta cewa malamin ya yi aƙalla shekara 3 a harkar, ya diro sau 500, ya kuma yi kwas na musamman. Dole a ɗauki lema biyu, ta biyun kuma ƙwararren mai lasisi ne ke kwance ta ya sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ke auna tsayi da gudu, idan malamin ya suma ita ce za ta buɗe lemar da kanta. Sai dai yawancin sa ido na yau da kullum ƙungiyar masu wasan ce, USPA, ke yin sa, kuma shiga cikinta ba tilas ba ne. Don haka ka tambayi filin ko suna ciki, ka nemi ganin shaidar malaminka. Wanda ya ji haushin tambayar, ka kama gabanka.

Alƙaluman USPA sun nuna kusan mutuwar baƙo ɗaya a cikin dirowa 500,000. Jirgin ma abin dubawa ne: a 2019 wani jirgin masu dirowa ya faɗi a Hawaii jim kaɗan da tashinsa, mutum 11 suka rasu. Amma raunin da aka fi samu shi ne targaɗe ko karaya a idon sawu wajen sauka, galibi saboda baƙon bai ɗaga ƙafafunsa ba lokacin da aka ce ya ɗaga. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko ciwon baya ya fara ganin likita. Yawancin filaye ba sa ɗaukar wanda ya wuce kilo 100 zuwa 110, a Amurka kuma sai ka cika shekara 18.